Sunan da Inna ba ta faɗa

Tun da sakataren kwaleji ya ajiye alƙalami ya jera takarduna biyu a kan tebur na san da matsala. Ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu, sannan ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Ke wace ce cikin 'yan matan ga biyu?"

Na yi shekara huɗu a kwalejin Madawa, na ci jarrabawar fita, an ba ni wuri a wani lise, wato babbar sakandare, a jihar Maradi. Abin da ya rage kawai a haɗa dosiye, wato sakamakona na kowace shekara da takardar haihuwa, a aika da motar ranar Alhamis. To, sunan da ke kan sakamakon daban, na takardar haihuwa daban.

"Can ba su san ki ba," in ji shi. "Cewa za su yi kin ɗauko karatun wata. Sai mai shari'a ya shaida ku biyun mutum guda ne, in ba haka ba wurinki ya tahi."

Na fita na nufi wurin mai shari'a.

Ni na san inda abin ya fito. Ni ce 'yar fari, kuma sunan kakata ta wajen uba aka raɗa mini. Kunya biyu ke nan a kan Inna: ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta faɗin na surukarta. Ranar da aka zo garinmu Urno rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, ita aka tarar a gida, sai ta ba da laƙabin da unguwa ke kirana da shi. Haka aka rubuta, haka na yi ta amsawa shekara goma.

Baba ya rasu, limamin da ya raɗa sunan ma ya rasu. Mai shari'a ya ce a kawo wadda ta haife ni.

Ranar Laraba muka zo da ita a bayan motar albasa. Duk hanya ban iya roƙonta ta faɗi sunan ba. Da wane baki?

A ofishin mai shari'a ta ƙi kujera, ta zauna ƙasa ta ja mayafi. Ya dube ta ya ce:

"Inna, wagga ɗiyarki ce?"

"Ɗiyar mutane dai, ranka shi daɗe."

Masinja ya tuntsire da dariya. Mai shari'a bai yi ba.

"Na san al'ada, nima uwa ta haihe ni. Amma takarda ba ta san kunya ba. Mi ne ne sunanta na yanka?"

"Ai ga ta nan, ta hwaɗi da bakinta."

"Nata bakin ba ya shaida."

Ina jin kukan jaki daga bakin kasuwa. Na duƙar da kai, na ce a raina shi ke nan, gida zan koma, ba kuma zan ga laifinta ba.

Sai ta gyara zama, ta dubi bango, ta faɗe shi. Ba da raɗa ba. Ta faɗe shi cikakke, ta haɗa da na Baba, wanda shi ma ban taɓa ji a bakinta ba, da irin muryar da take kiran awaki daga nesa. Shekarata goma sha bakwai a duniya, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakin uwata. Sai na ga kamar ban taɓa sanin matar nan ba, ƙarama da ita, da kaushi a dugadugai, ta cika ɗakin duka. Masinjan ma ya miƙe tsaye bai sani ba.

Tana rufe baki ta tashi ta fice, ta tsaya ƙarƙashin bishiyar bedi ta ba mu baya.

Mai shari'a ya rubuta, ya buga hatimi. Na ruga kwaleji da takardar. Ana kiran la'asar sakatare ya karanta, ya cusa ta cikin dosiye, ya liƙe ambulan.

"Share hawayenki, ɗiyata. Gobe ya bi mota. Wurinki na nan."