Ƙullin Gishirin Malam Sammani

Shekara goma sha tara Malam Sammani yana masinja a ofishinmu na GRA. A kan keke yake zuwa daga Ƙofar Kwaya, rajistar zuwa aiki kuma tana hannuna: sau biyu kacal ya taɓa makara.

A watan Maris ya fara ramewa. Fatarsa ta yi duhu har dasashi da layukan tafin hannu. In ya ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe shi. Sannan ya shiga yawo da ƙullin gishiri a aljihu yana lasa.

Allah ya azurta ofishinmu da likitoci, ko da yake babu wanda ya taɓa leƙa ajin likitanci. Babbarsu ita ce Hajiya Baraka mai buga takardu. Ita ta ƙwace ƙullin.

"Malam, kashe kanka za ka yi? Hawan jini ne wannan. Ni da ke shan magani shekara bakwai za a gaya wa?"

"Hajiya, jikin ne ke nema."

"To jikin bai da hankali."

Ta buga wa matarsa waya, aka daina sa masa gishiri a miya. Ta kuma ɗibar masa ƙwayoyinta, saboda Allah. Oga shi ma ya yi nasa binciken, ya gano cewa lalaci ne. Takardar gargaɗi biyu ya ba shi kan gyangyaɗi. Ta uku sallama ce, ga shi saura shekara huɗu ya yi ritaya.

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, ya yanke jiki ya faɗi da fayil a hannu.

Likitan asibiti, wanda bai kai namu ƙwarewa ba, sai da ya auna. Ya ce jinin ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Garkuwar jikinsa ce ta far wa wasu 'yan tsokoki biyu da ke saman ƙoda, masu samar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ƙarfin jiki. Cutar Addison. Ƙwaya kullum har ƙarshen rai, gishiri kuwa ya ci abinsa.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya dawo. Ya tarar Hajiya ta buga takarda ta uku, ta fashin aiki, tana jiran sa hannu. Oga ya karanta wasiƙar likita sau biyu, ya yaga ta sallamar, ya ce dama shi tun farko bai yarda lalaci ba ne.

"Ai na ce ciwon jini ne," in ji Hajiya.

Malam Sammani ya miƙa mata hannu. "Haka ne, Hajiya likita. Ƙullina."