Matakala Goma Sha Ɗaya: Zuwa ga Hai Shulan

Ranar Laraba, tara ga Afrilu, da hantsi, masu kamun ƙaguwa suka shigo unguwarmu ɗauke da ke. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Hasumiyar katakon da kika kafa a kurmin bakin teku ce ta kife kina can samanta. Sun ce ƙafarta ɗaya ta ruɓe daga ƙasa. Shekarunki arba'in da bakwai, ni kuwa da na koya miki lissafi a firamare ina tamanin da uku, ga ni zaune.

Shulan, kin dawo garinmu Sanya da digirinki, aka zaci ofis mai sanyi za ki nema. Sai ga ki cikin laka har gwiwa, kina rataye ƙananan faranta a jikin hasumiya: ɗaya daidai ƙwauri, ɗaya daidai kai, ɗaya sama da itatuwan. Kika ce kina auna ƙura da ƙwayoyin funfuna da iska ke ɗauka a kowane tsayi. Mata a kasuwar kifi suna cewa boko ya taɓa ki. Ke ma kina taya su dariya.

Ni ban yi dariya ba, domin da ni kika fara amfani da aikin. Shekara biyu bayan rasuwar matata, ƙirjina ya riƙa toshewa duk lokacin da iskar kudu ta dawo bango ya soma gumi. Kika ajiye faranti ɗaya ƙarƙashin gadona, ɗaya a ɗakin sama da na daina hawa. Bayan kwana huɗu kika kawo mini su. Na ƙasan ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na saman ɗigo uku kawai. Kika ce abin da nake shaƙa ke nan, kuma daga ranar a sama zan riƙa kwana.

Na ce gwiwoyina ba za su iya ba.

“Malam Pu,” kika ce, “kai da ka zane ni a kan lissafin sau bakwai, matakala goma sha ɗaya ce za ta kayar da kai? Tashi, ni zan ƙirga.”

Shekara huɗu kina zuwa kafin magariba da kunun shinkafa da busasshen kifi, ki sa kafaɗarki a hammatata, ki ƙirga. Da safe ki sauko da ni kafin ki bi janyewar ruwan teku zuwa aikinki. 'Ya'yana biyu suna can birnin Guangzhou, waya suke yi ranar Idi.

Tun da aka binne ki a ƙasa nake kwana, kuma bango ya soma gumi. Ina jin numfashina yana fito kamar butar shayi. Tsoro nake ji, Shulan, ba zan ɓoye miki ba. In na tsaya a ƙasa, na ga farantin da idona. In na hau, matakalata ma katako ce, tsararta ɗaya da gidan, kuma taki biyun farko sun yi baƙi irin na ƙafar hasumiyarki. Abin da ya ci katakon da ya ɗauke ki, ke da ba ki da nauyi, me zai hana shi cin nawa? Kwana shida ina tsayawa a gabanta ina ƙwanƙwasa ta da sanda, in koma in zauna. In na faɗi, sai wari ya sanar da maƙwabta.

Jiya da la'asar tari ya durƙusar da ni har na ga duhu. Da ya lafa ban miƙe ba. Na ja jiki zuwa gindin matakalar, na hau da hannu da gwiwa. Taki na biyu ya yi ƙara, na rungume shi ina salati. Na ƙirga da babbar murya, tunda ba mai ƙirga mini. A sama nake rubuta wannan. Yadda zan sauka, ban sani ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Gao Deming, da 'yarki Xiaoru, da mahaifiyarki. Allah Ya ba su haƙurin da na rasa. Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa shigar miki. Kamar yadda kika ɗaga tsoho zuwa sama shekara huɗu, Allah Ya ɗaga darajarki. Amin.