Karen Baba Idi da Sandar Soso a Zangon Kwatano

Ana sallame Asuba muka bar Agege, ni da wani abokina, za mu Kwatano sarin atamfa. Hanyar Badagiri ta gyaru, amma shingaye sun hana mu sakat har Seme, bakin iyaka. Can muka canza naira zuwa sefa, na dubi ɗan abin da aka miƙo mini na ce to, ashe talaka ne ni ban sani ba.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu zem ake ce musu, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa, man fetur kuma ga shi nan a manyan kwalabe bakin titi kamar man ja. Da muka shiga Zango sai na ji kamar ban bar gida ba: masallatai, masu tsire, Hausa ta ko'ina, sai dai ta sha Faransanci. Makaranta lekol ce, shago butik. Na ci shinkafa da wake da soyayyen cukun Fulani, na ƙara.

Washegari muna shan shayi sai ga matasa da kyamara sun tare wani lungu. Ni kuwa ban iya ganin taro in wuce. Shugabarsu, wata budurwa 'yar unguwar Gbégamey mai tsintacciyar Hausa, ta ce fim suke yi a kan wariyar launin fata: wani Bature ne ke biyan baƙaƙe su riƙa dukan karensa tun yana ƙarami, don ya tashi ya tsani duk baƙin mutum. Na ce ikon Allah, har kare ana koya wa wannan?

Karen da suka aro na Baba Idi ne, wani dattijo daga Kandi, can arewacin ƙasar, mai gadin shanun fatake. Dogo sunansa, ja ne, mai sanyin hali. Mai shayi ya ce tun rasuwar matar Baba Idi ba shi da abokin hira sai shi, kuma kullum tsohon da singileti da wandon aiki yake yini.

Suna neman masu dukan, sai aka kwaso mu 'yan Zango yadda muke, da kaftani da hula. Wai ni ne a fim! Aka ba mu sandunan soso, aka ce mu yi ta ihu muna kai duka, kada dai mu taɓa shi. Budurwar ta ce “Kupe!”, wato a tsaya, mu fashe da dariya, a sake. Mun yi haka kwanaki, har na manta da atamfar. Na dai lura Dogo ya daina kaɗa wutsiya, amma na ɗauka zafi ne ya dame shi.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Baba Idi ya zo ɗaukar karensa cikin farar babbar riga da hula, ya yi fes. Dogo na hango shi ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, ya bankaɗe haƙora. Ya yi kukan kura, ba don sarƙar da aka ɗaure shi da ita ba da ya kai tsohon ƙasa.

“Dogo, ni ne fa,” in ji Baba Idi.

Karen ya ci gaba da gurnani. Sai tsohon ya cire hular, ya tuɓe rigar a gaban jama'a, ya rage daga shi sai singileti. Sai ga Dogo yana jan ciki, ya zo ya kwantar da kai a ƙafarsa.

Budurwar ta fara ba shi haƙuri, tana cewa wasa ne, ba wanda ya taɓa karen.

“'Yata, ke kin san wasa ne,” ya ce. “Shi wa ya gaya masa?”

Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan ajiye sandar nan. Ya naɗe rigarsa a hammata, ya ja karensa suka tafi.

Sarin atamfar a gurguje muka yi shi, muka kamo hanya. Abokina na ta tsokanata da jarumi, ni ko murmushi na kasa. Abin da na taho da shi daga Kwatano shi ne ƙiyayya ba sai da niyya ake koyar da ita ba, mu da muka koya wa Dogo dariya muke yi.

Da na iso Agege na kira mai shayin na tambayi labarin tsohon. Ya ce lafiyarsa lau, sai dai yanzu a shagon shayin yake ajiye babbar rigar. Ran Juma'a nan yake zuwa ya sa, in an sauko ya dawo ya tuɓe, sannan ya iya shiga wurin karensa.