Ƙadangare Mai Lofe

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da aka ƙwace wa matsayi da rana tsaka, ya tashi ya je kasuwa ya sayi zakara ya kai wa wanda ya ƙwace ɗin, har da durƙusawa a ƙofar gidansa. Zakaran ma ba ƙarami ba, sai da na zagaya kasuwa sau biyu ina ɗaga su ina jin nauyi.

A lokacin ni lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Jos, ɓangaren kaya, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Aikina ɗaure motoci. Kamfanonin kuza suna da manyan motoci da tireloli, in za a kai su kudu gyara ko an sayar da su, ba a bin hanya da su. Sai a hau da su kan tarago marar bango, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, jirgi ya ja. Abin da sauƙi a ido. Amma daga an wuce Kuru jirgi ya fara sauka daga kan dutse, gangara ce da kwana-kwana har Kafanchan, motar da ba ta ɗauru ba sai ta yi ta rawa a kan tarago har ta tsinke sarƙa.

Nawa ɗaurin bai taɓa tsinkewa ba. Ban yi makarantar boko ba, ta allo ma bulala ce ta kore ni tun ban yi nisa ba, amma wannan abu ɗaya Allah Ya ba ni. Nakan sa weji, wato katakon tokarewa, gaba da bayan kowace taya, in rage wa tayoyin iska kaɗan don kada motar ta riƙa tsalle, in gitta sarƙoƙi, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama. In na gama sai in ɗauki guntun ƙarfe in ƙwanƙwasa kowace sarƙa, in kasa kunne. Wadda ta ɗauru tana da muryarta, wadda ke yi mini ƙarya ita ma tana da tata.

To, lebura ba ya sa hannu a takarda, heluma ne ke sawa, wato shugaban leburori. Ni kuma raina bai so a ce aiki ya tafi har bakin teku babu wanda ya san mai shi. Sai na saci alli a ofis na riƙa zana ƙadangare a gefen duk taragon da na ɗaure. Da farko ƙadangare ne kawai. Da shaiɗan ya ƙara zuga ni sai na ɗora masa hula irin ta Baturen tasharmu, na sa masa lofe a baki, na kuma yi masa tumbi. Leburori suka yi ta dariya, ni kuwa ina jin kaina wani abu.

Helumanmu ya tsufa, yana shirin komawa garinsu, kowa kuma ya san ni ne a layi. Ba zan ɓoye ba, na ƙwallafa rai. Heluma yana da kaki da usur, yana da ɗaki a barikin reluwe mai famfo a tsakar gida, kuma ba a sallamarsa don aiki ya yi ƙaranci. Har na nuna wa matata ɗakin daga nesa.

Akwai abokina, maƙwabcina a unguwar Dilimi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya yi elemantare, yana jin Turanci, shi ke yi mana tafinta in Bature ya yi magana. Ni na kawo shi aikin. Ni na koya masa riƙe sarƙa, ko da yake har ya bar duniya kunnensa bai taɓa rarrabe muryarta ba. Tuwonmu ɗaya, goronmu a tsaga biyu.

Wata safiya muna tafiya aiki ya ja hannuna gefen hanya.

Ya ce, "Mutumina, ka jawo mana. Wani sufeto ya zo daga kudu, jiya na ji su a ofis. Mai ƙadangare yake nema."

Na ce, "Ya yi masa me?"

"Kai ma ka sani. Ka ɓata kayan gwamnati, ka zagi Bature da tumbi. Kora ce, in ma ba a haɗa da gidan yari ba."

Na ce to ya zan yi, ga mata ga 'ya'ya uku. Sai ya dafa kafaɗata ya ce in bar masa. Shi yana da takardar makaranta, ba za su kore shi ba, iyaka su yi masa faɗa. In an tambaya in yi gum, shi zai ce shi ne.

Da hantsi aka jera mu a gaban wani tarago da na ɗaure, ƙadangarena na kai yana shan lofensa. Sufeton Bature ne dogo, ya zagaya motar, ya taɓa sarƙoƙi, ya nuna zanen da sandarsa ya yi tambaya da Turanci. Ni na kafa ido a kan yatsun ƙafata kamar ranar na fara ganin su. Abokina ya taka gaba. Sai na ga sufeton ya yi dariya ya miƙa masa hannu, suka shiga ofis tare.

Da ya fito na tare shi, na ce, "Na ga ya ba ka hannu?"

Ya ce, "Haka suke yi kafin su hukunta mutum. Ladabinsu ke nan."

Wallahi na yarda. Ya ce an yanke masa horon makonni a wata tasha can kudu, aikin wahala. A yammacin nan na kai zakaran. Ya karɓa ya ce, "Haba, ai ba sai ka yi haka ba," ya miƙa wa matarsa. Har tasha na raka shi ina riƙe masa akwati, kuma duk kwanakin da ba ya nan ni ke ɗebo wa gidansa ruwa.

Wani Bayarabe ne ya buɗe mini ido, mai tutar da ke zama a taragon ƙarshe yana bin jirgin kaya har kudu. Ya daɗe da sanin zanen nawa ne. Ya sauko daga jirgi ya hango ni, ya ɗaga murya.

"Oga ƙadangare! Yaya kai yana nan? Ni ya ce kai ya tafi kos!"

Na ce wane kos?

Ya ce duk tashoshin hanya an san taragon ƙadangare ba ya ba da wahala, ba a tsayar da jirgi don a sake ɗaure shi. Shi ya sa manya suka aiko sufeto ya nemo mai wannan ɗauri, a koya masa aikin heluma, shi kuma ya koya wa sauran. Da na gaya masa yadda aka yi, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tafi ofis da gudu. A bakin ƙofa na tsaya. Sufeto ya koma, Baturen tasha ba ya jin Hausa sai ta zagi, tafintan da zai shigar da ƙarata kuwa shi ne wanda zan kai ƙara. In kuma na ce ni ne mai zanen, to ni ne mai tumbin. Na juyo.

Bayan makonnin abokina ya dawo cikin kaki, usur na lilo a ƙirjinsa. Dokar farko da ya kafa ita ce kada wanda ya ƙara zane a jikin tarago. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa daga Dilimi zuwa ɗakin nan mai famfo, matata na tsaye a ƙofa tana kallon kayansu a kan amalanke. Ranar tuwona ya zo ba miya sosai.

Sau da yawa ina ɗaure mota zuciya takan ce in bar sarƙa ɗaya sakwa-sakwa, ta tsinke a gangara, a zo a tambayi heluma. Sai in tuna direba da Bayaraben nan suna cikin jirgin, in ƙara tamke ta. Haka na yi ta ɗaure masa suna shekara da shekaru, ana yaba masa, yana sa hannu.

Sau ɗaya tak muka yi maganar. Ana hutun azahar, ina zaune a inuwar wani tarago, ya zo ya tsuguna kusa da ni ya tsaga goro ya miƙo mini rabi. Ban karɓa ba. Na ce, "Heluma, abu ɗaya nake so in sani. Da ka ja ni gefen hanya ran nan, ka riga ka san abin da sufeto ya zo yi?"

Ya jefa goron a baki ya tauna, yana kallon layin dogo.

Ya ce, "Na sani. Amma kai ma, mutumina, ko sau ɗaya ba ka ce in rantse ba. Da ka ce, da na faɗa maka gaskiya."