Ranar Juyin Ɗaki

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "yarinyar nan", har bayan na haura arba'in. Ƙannena kuwa gatsal take kiran sunansu, har da na tsokana. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, kowace uwa a garinmu haka take yi, amma ina ƙarama abin yana ci mini rai. Na taɓa ɓuya a bayan rumbu tun hantsi har azahar, wai dole sai ta neme ni da suna. Ta fito tsakar gida ta duba nan ta duba can, ta ce, "Wai ina wannan ta shige ne?" Yunwa ce ta fito da ni.

A garin Babban Mutum muka tashi, kuma Inna makitsiya ce, har daga ƙauyukan kewaye ake kawo mata kan amare. Tana da wata al'ada da ta addabe mu. Duk ranar da aka ce wata ya tsaya, washegari sai ta yi abin da take kira juyin ɗaki. Komai sai ya fito tsakar gida, katifa da tabarmi da kwanuka da akwatin ƙarfe, har tsummokaran ƙarƙashin gado. A kakkaɓe, a shanya, a share yanar gizo-gizo, a yayyafa ruwa a ƙasa, a sa turaren wuta. Abin da ya karye ba ya komawa ciki. In kwanon wata maƙwabciya ya kwana biyu a wurinmu, ranar zai koma gidansu da ɗan wani abu a ciki, in kuma wadda suka yi cacar baki da ita ce a cikin watan, Inna da kanta take kaiwa. Da la'asar, bayan an mayar da kaya, sai ta shimfiɗa tabarma ta yi mana tsifa da kitso ɗaya bayan ɗaya, ni ce farko.

Na tsani wannan rana, kitson kuma ya fi komai. Hannun Inna akwai zafi, in ta kama gashi sai ka ji har cikin ido. Ina shekara bakwai na fizge kaina daga cinyarta na ruga, na yi tuntuɓe na faɗa kan dutsen murhu. Wurin ya warke ya bar tabo a bayan kunnena na hagu, kamar faɗin babban yatsa, gashi ba ya fita a kai har yau. Tun daga nan, duk sanda take mini kitso hannunta ya iso wurin, sai ta dakata, ta danna shi da yatsa ta ce, "Mai gudun kitso." Iyakar abin da na samu ke nan mai kama da suna daga wajenta.

Da na yi aure a Daura na fara koyarwa a firamare, sai na yar da juyin ɗaki gaba ɗaya. Ni ma'aikaciya ce, in ji ni, ina ni ina fitar da katifa duk wata. In Inna ta zo ganina takan sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gadona, ta miƙe ta ce "Uhm", shi ke nan. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan rasuwar Baba da kamar shekara biyu ta fara mantuwa. Da farko dariya muke yi, ta sa gishiri sau biyu a miya, ta tambaye ka abu ɗaya sau biyar. Ranar da aka tsinto ta a hanyar gona tana neman gidan mahaifiyarta, wadda ta rasu tun kafin a haife ni, dariya ta ƙare. Muka yanke da ƙannena ta dawo wajena, tunda ni ce kusa da asibiti kuma yarana suna makarantar kwana. Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, ƙwayoyin da zai bayar don ta sami natsuwa ne kawai.

Watannin farko ban san yadda na yi su ba. Ga makaranta, ga girki, ga Inna da ba a barinta ita kaɗai da ƙofa a buɗe. Na ɓatar da rajistar ajina sau biyu. Akwai ranar da na ba ta maganin safe da yamma, na yamma da safe. Kaina ya yi wata biyu a ƙunshe cikin ɗankwali ban tsefe ba. Jinina ya hau, faɗa kuma ya zame mini abinci, da maigidana, da ƙanwata a waya, da duk wanda ya yi sallama. Abin da ya fi cina shi ne Inna ta fara kallona kamar baƙuwa. Ta ji maƙwabta suna ce mini Malama, ita ma ta ɗauka. Wata rana in kai mata kunu ta ce, "Sannu, Malama, Allah ya saka." Wata rana kuma ta ce "Ke, miƙo mini buta", in ji sanyi a raina. Ban taɓa sanin da wace za ta tashi ba.

Sai ta ɓullo da fitar da kaya. In dawo daga makaranta in tarar da tabarmi da kwanuka a tsakar gida, in kwashe ina mita. Wata Laraba da damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun sha ɗaya. Na shigo gida wajen ƙarfe biyu, na tarar da katifarta da tawa, da kayan sawa, da littattafan jarrabawar yara da na kawo gida dubawa, duk suna iyo. Inna tana tsaye a tsakiya jiƙe sharkaf, da tsintsiya a hannu.

Na faɗi abin da har gobe nake neman gafararsa. Na ɗaga murya na ce, "Inna, kashe ni kike so ki yi? Me na yi miki?"

Ta dube ni, jikinta yana rawa, ta ce, "Ai wata ya tsaya. Ba ki gani ba?"

Ranar sha bakwai ga wata ne. Na canza mata kaya, na shafa mata mai, na kwantar da ita, sannan na zauna a bakin ƙofa ina kuka mai haɗe da haushi. Maigidana ya dawo daga kasuwar dabbobi ya tarar da ni a haka. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, wanda hakan ma wani lokaci ba ni haushi yake. Ya ɗaga katifa ɗaya ya jingina da bango, ya ce, "Malama, ita fa a wajenta aiki take yi. Lissafin watan ne ya ɓace mata. Ki riƙe mata lissafin mana." Na harare shi, don ba na son a fi ni gaskiya ina cikin fushi. Amma washegari na sayo kalanda mai watannin Musulunci na rataye a ɗakinta.

Na zaɓi Asabar ta farko bayan tsayuwar wata, tunda ranar ce ba ni da makaranta, na zagaye ta da jan biro. Kullum da safe Inna za ta ce, "Wata ya tsaya?" In kai ta gaban kalanda in ce, "Tukuna, Inna, saura kwana tara." Ba ta iya karatun boko ba, amma sai ta dubi jan zagayen ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna. Ba ta ƙara fitar da ko cokali ba.

Da Asabar ɗin ta zo, ana idar da sallar asuba na ce mata yau ce. Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe da sauri haka ba. Ita da ba ta san ranar mako ba, ta san tabarma ce ke fara fita kafin katifa, ta san daga kusurwar gabas ake fara sharar yana. Har faɗa ta yi mini a kan yadda na riƙe tsintsiya. Muka gama nata muka shiga nawa, abin da muka fitar daga ƙarƙashin gadona ba zan faɗa ba, amma rajista ɗaya a can take.

A hankali na riƙa ƙara nawa a kan nata. Juma'ar da ke gaban ranar ina biyawa kemis a gwada jinina. Ranar kuma, kafin rana ta yi zafi, ina zazzage jakar makaranta in zubar da tarkace, in rarraba ƙwayoyin Inna a ƙananan gwangwanaye, na safe daban na yamma daban, in yanke mata farce in yanke nawa. Kwanukan mutane suna komawa da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino. Ƙanwata tana Kano, kwano ba zai kai ba, sai in kira ta ko da ni ce mai gaskiya, kuma yawanci ni ce. Gidan ya daidaita. Jinina ya sauka, na daina neman abu ina riƙe da shi a hannu.

Amma ba don wannan nake ƙirga kwanaki ba. A Asabar ta farkon nan, da la'asar, na wanke kaina na shimfiɗa tabarma, na ajiye mataji da kibiya da man kitso a gabanta, na zauna tsakanin ƙafafunta ba tare da na sa rai ba. Tun safe Malama take ce mini. Ta ɗan jima tana shafa gashin, sai na ji kibiya ta tsaga. Daga dama ta fara, kamar kullum, da zafin hannun nan da na sani. Ta bi layi-layi har ta zagayo hagu. Yatsanta ya sauka a kan tabon, ya tsaya, ya danna.

"Mai gudun kitso," in ji ta. "Ke, tsaya da kyau."

Na sunkuyar da kai hawaye yana ɗiga a zanena. Ta ɗauka zafi ne, ta ce har yanzu ban daina raki ba.

Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. Ko da ta yi kwana ashirin da tara ba ta san ni ba, na san akwai la'asar ɗaya da uwata za ta dawo. Kitson ya riƙa lalacewa, layin ya karkace, wani ya warware kafin kwana uku. Wata abokiyar aikina ta gani da ɗankwalina ya zame, ta ce wace muguwa ce ta yi mini wannan, ta ba ni lambar mai kitsonta. Na ce mata na gode, a raina kuwa na ce Allah ya shirye ki. Duk wata, in hannun Inna ya doso kunnen hagu, jira nake in ji ta faɗa.

A watan Sha'aban da ya wuce, ana tsananin zafi, muka yi juyin ɗaki kamar yadda muka saba, sai dai ranar a zaune ta yi kallo, ni na yi sharar. Da la'asar na zauna a gabanta. Ta fara daga dama, a hankali, tana hutawa. Ta zagayo. Yatsan ya sauka a kan tabon, ya tsaya, ya shafa shi sau biyu. Na jira.

"Ayya," in ji ta. "Baiwar Allah, me ya same ki a nan?"

Na ce, "Faɗuwa na yi ina ƙarama. Ina gudun kitso."

Ta yi dariya, irin wadda take yi wa baƙin da suka kawo kai. "Lallai uwarki ta sha fama. Yaya sunanki?"

Na faɗa mata.

Ta maimaita shi. Ta sake maimaitawa, a fili, har ƙarshensa, babu ko ɗar. Ta ce suna mai daɗi, Allah ya yi wa mai shi albarka. Daga nan har ta gama da shi take kirana, in sunkuya, in juyo, in miƙo mai. Shekara arba'in da shida ina son in ji yadda zai fito daga bakin nan, ashe daɗin fita gare shi. Na bari ta ƙarasa, na yi mata godiya kamar yadda ake yi wa makitsiya, na naɗe tabarma. Sannan na shiga banɗaki na kunna famfo don kada maigidana ya ji. Ko ranar da aka fita da Baba ban yi kuka irin wannan ba.

Kafin magariba ta manta sunan, na koma Malama.

Inna tana nan da ranta, tana ɗakin da ke kusa da wanda nake rubutun nan. Ban fasa komai ba. Ina zagaye kalanda, ina gwada jini, katifa tana fita, kwanuka suna komawa gidajensu. Ƙanwata ta ce in daina kitson tunda wahalar da kaina kawai nake yi, na ce mata ta kula da nata kan. Watanni uku ke nan tun Sha'aban, kuma duk la'asar ɗin abu ɗaya ne. Yatsan ya iso tabon, ta ce ayya, ta tambayi abin da ya same ni, ta tambayi sunana. Ba na iya yi wa uwata ƙarya, don haka ina faɗa mata. Sai in kwantar da kaina a cinyarta, ina roƙon Allah ta ƙi maimaitawa.