Miyar da Agali Ya Ƙi Dangwala

Ni maƙwabciyar Dela ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na san ta ban taɓa ganin mace mai sa wa kwanon miya ido irinta ba. Mijinta Sallau dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro. Makiyaya a zaurensa suke sauka, ta hannunsa suke sayarwa, ita kuwa masa da miyar taushe take aika musu. Ba ta zama inda suke ci, sai kwano ya dawo take sanin matsayinta. In an suɗe shi tas, ranar har ni sai na samu fara'a.

Gwanintarta a fuskar miya take. Sai ta zuba ta a kwanon sha mai murfi, ta goge bakinsa, ta yanka tattasai ja sirara, ta barbaɗa lawashi, sannan ta kewaya da man shanu. Man kuwa na Intalla ne, matar Agali, tsohon baƙonsu daga Tagriss, wanda kowane zuwa yake kawo mata shi a kwalba. Inda Agali ya sauka, nan 'yan uwansa suke sauka.

Bana da rani Agali ya zo hannu sake, babu kwalbar mai. Dela ta sayi mai a kasuwa ta yi adonta yadda ta saba. Kwanon Agali ya dawo: an ci masar gaya, miya ko dangwala ba a yi ba.

Ta leƙo ta katanga, fuska duk ta faɗa. "Suwaiba, ɗanɗana min wagga miya. Mi ta rasa?"

Na ɗanɗana, na ce ba ta rasa komai ba sai mai ci. Ba ta yi dariya ba. Dama ta ji wani sabon dillali yana zawarcin baƙin mijinta. Ga babu kwalba, ga an ƙi miya. Ta ce ai sallama ce ake musu a hankali.

Kasuwa ta gaba ta ƙara kabewa da gyaɗa, ta ninka man shanu har yana sheƙi. Haka ya dawo. Sallau da ta tambaya cewa ya yi, "Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa," alhali shi ma ya rame. Wallahi ta ba ni tausayi, ta kuma ba ni haushi, don ko gaisuwa muka yi sai ta kai mu ga miya.

Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta tsaya bayan ƙofar zaure.

"Agali, sannu da hutawa. In laihi muka yi, a hwaɗa muna. Mi miyata ta yi maka?"

Ina jin su ta katanga.

"Uwargida, miyarki ba ta yi komai ba. Shanun da nike kawowa yanzu na Intalla ne, na tatsa. Ciyawa ta ƙare. Ɗiyana sun daɗe ba su ga nono ba. In na buɗe kwano na ga mai, sai hannuna ya ƙi."

"To ba wani masauki za ka koma ba?"

"Ina za ni? Saniya ta ƙarshe ce Sallau ya sayar yau. Kasuwa mai zuwa ba ni da abin kawowa."

Dela ta koma ciki. Ta ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin kwalaben Intalla da ta tara a ƙarƙashin gado, ta wanke, ta juye duk man da ta saya a ciki, ta ɗaure bakin da leda. Ta ba Sallau ta ce a sa a kayan Agali, kada a gaya masa sai mota ta tashi.

Har yau ranar kasuwa tana yi wa miya ado. Kwanon Agali kuwa yana kife a kan kantar kwanuka, ba ta zuba wa kowa a ciki.