Mai Yaɓen Zauren da Za a Rushe

Yau bakina har kunne. Na rako ƙanwata Sauda Yelwa, ta samu karatun zanen gine-gine a jami'a, ni kuwa firamare ma da ƙyar na gama. Ta shiga, ina jiran keke, sai idona ya faɗa kan wani dattijo a tsallaken titi.

Siriri ne, ya naɗe wando zuwa gwiwa, laka ta bushe a gemunsa. Yana yaɓen wani tsohon zauren ƙasa mai zankwaye, irin na masu hali na da. Yana shafa laka da tafin hannu, yana jan zane da yatsu biyu. Ga jan fenti a bangon, alamar za a rushe.

Ina jin shi ya gina shi, ko ubansa. Ɗan kwadago ba ya lallaɓa bango haka.

Wani mai keke ya tsaya. "Baba, ba ka ga fentin ba? Titi zai bi ta nan fa."

Bai ko juyo ba. "Na gani, ɗana. Su sun ce sai bayan Sallah. Ruwan sama bai ce zai jira su ba."